Randunan Marigayi

Ina kankare kifi a tsakar gidan yayana a Jabal Awliya, kudu da Khartum, lokacin da wayar ta shigo. Hannuna duk ƙarni, don haka yayana ne ya riƙe mini ita a kunne. Muryar ɗalibar mijina ce, wadda ta taɓa shugabantar kwamitin ajinsu. Ta gaishe ni da Hausa, ta zarce da Larabci, ta sake dawowa Hausa, yadda yaran yanzu suke yi.

"Gwaggo, Ustaz ya rasu."

Na ce, "Na sani. Ba shi wayar, in ji ko ya samu maganinsa."

Ina jin ƙarar ludayi a jikin tukunya daga can wajenta. Sannan ta ce, "Gwaggo, wannan karon ba mu muka yi ba."

Na ƙarasa kankare kifin da ke hannuna, don ban san inda zan ajiye shi ba. Inna, mahaifiyar Malam mijina, wanda ɗalibai suke kira Ustaz, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ba a kafa rumfar makoki a ƙofar gida alhali uwar mamaci tana ciki tana cewa ɗanta yana raye. Tun kafin in buɗe baki na san Inna ba za ta yarda ba, kuma ba laifinta ba ne.

Malam yana koyar da darasin kishin ƙasa a sakandaren 'yan mata ta unguwarmu a Umdurman. Gajere ne, mai sanƙo, mai saurin tafiya. Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ya sa in ya ce "'ya'yana" kowa ya san ɗalibansa yake nufi. Ya kan ce darasinsa ba ya zama a jikin allo. Abin da kakanninmu suke kira gayya, maƙwabtanmu suke ce masa nafir, a wurinsa shi ne dukan karatun. Kowace shekara sai ya saki 'yan aji su zaga unguwa su nemo abin da ya lalace, su zaɓi guda, su gyara da hannunsu.

Dokarsa ɗaya ce. Komai sai an ɗaga hannu, kuma hannun malami ɗaya ne kamar na kowa. Ya taɓa gwada dokar a gida, kan abin da za a dafa. Inna ta ce masa a nan gidan hannun da ke riƙe da muciya shi ne mai rinjaye, ya je ya wanke nasa.

A shekarar da nake magana, 'yan matan suka zaɓi tashar da ake jiran hafila, ƙananan motocin da ke kai mutane Khartum. Rana tana dukan wurin tun safe, babu ruwan sha. Suka ce za su kafa sabil, wato randunan da ake jerawa a bakin hanya don duk wanda ya wuce ya sha. Mahaifin wata daga cikinsu maƙeri ne a Kasuwar Umdurman, shi ya haɗa musu ƙafar ƙarfe. Suka ɗauko randuna biyu a bayan raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, suka ɗaura moɗa da igiya. Ranar buɗewa Malam ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, ya sha ruwan farko.

Bayan nan abin ya lalace. 'Yan matan suna ɗauko ruwa daga gidajensu bi da bi, sai jarrabawa ta matso, iyaye suka hana. Aka sace moɗa. Suka ɗaura wata da sarƙa, aka tafi da moɗar da sarƙar. Wani direba ya kwashe ruwan randa guda ya ɗura wa injin motarsa. Ɗaya randar kuma mai shayin tasha ta mayar da ita wurin ɓoye sukarinta, tunda a bushe take. Akuya ta tare a ƙarƙashin ƙarfen. Malam ya kan tsaya a tashar yana wa mutane bayani cewa ruwan nasu ne, kowa da alhakinsa a kai. Suna saurarensa da ladabi har hafila ta iso, sai su bar shi a tsakiyar magana.

'Yan matan suka ji tausayinsa. Suka yi taro ba da saninsa ba, suka yanke a yi wa sabil ɗin allo mai sunansa, ko ya ji sanyi a ransa. Shugabar kwamitin, 'yar wani mai sayar da kayan yaji ce, doguwa mai kaifin baki, ita ta kai sunan wurin wani tsoho mai rubuta alluna a kasuwa. Tsohon ya tsufa a kan wannan sana'a, kuma duk wanda ya taɓa zuwa masa da suna don sabil, sunan mamaci ya kawo. Bai tambaye ta komai ba. Ya karɓi sunan ya ce Allah ya jiƙansa. Ita kuma ta ce amin, don ba a jin addu'a a yi shiru.

Ranar Alhamis da yamma, bayan an tashi daga makaranta, tsohon ya sa aka je aka ɗaure allon. Kore ne, rubutun fari, da kyau ƙwarai. Sadaka mai gudana ga ran marigayi Ustaz wane. Fatiha.

Da safiyar Juma'a Malam ya sha shayinsa ya fita aski, daga can zai biya kasuwa. Maƙwabciyarmu ta je tasha za ta Khartum, ta tsaya gaban randunan ta ɗaga kai. Ba ta hau mota ba. Tun daga bakin layi muka jiyo kukanta. Kafin ta iso mata sun biyo ta, kowace da nata labarin. Wata ta ce mota ce a kan gada. Wata ta ce a kujerar mai aski ya faɗi. Wani ya kira wayarsa, sai ta yi ƙara a ɗaki kusa da mu inda ya bar ta a caji, kuka ya ƙaru. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi mai rubutu ya riga matar mamaci jin labari, har fenti ya bushe. Ni ma ban tambaya ba. Inna ta sulale ƙasa, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mutanen unguwarmu ba sa wasa da makoki. Kafin a ce me, samari sun tafi neman gawa a asibitoci, an kawo sandunan rumfa, an jera kujeru, maƙwabta sun ɗora tukwane.

Malam ya shawo kwana da sabon aski, da kankana a hammata. Ya ga rumfa a ƙofar gidansa, ya ɗauka Inna ce. Kankanar ta faɗi ta fashe. Ya nufi mutumin farko da ya gani ya ɗaga tafuka biyu yadda ake yi a nan wurin ta'aziyya, ya ce Fatiha. Mutumin ma ya ɗaga nasa, idonsa a ƙasa. Sai da suka karanta ta har ƙarshe, suka shafa, sannan suka dubi juna. Mutumin nan bai tsaya ɗaukar takalminsa ba.

Inna ba ta rungume shi ba. Ta taɓa kansa, ta ja kunnensa ta tabbatar, sannan ta cire takalmi ta bi shi har bayan gida tana duka, shi da furfurarsa.

"Ka karɓi naka," ta ce. "Kukan da na tanadar maka na zubar da shi yau a banza. Kowa ya shaida. Ko wa ya sake zuwa mini da wannan magana, sai na ga ni da idona."

Tunda an riga an dafa abinci, mutane suka zauna suka ci. Malam yana zagayawa da buta yana zuba musu ruwan wanke hannu. Washegari kawunsa ya iso daga yankin Jazira, ya kwana a hanya. Ya tarar da shi yana wanke jallabiya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ko ɗan zazzaɓi ba ka yi ba?"

Ranar Lahadi, farkon makon karatu a nan, ya tafi makaranta da sukurdireba a aljihu don kwance allon. Da ya dawo na tare shi a ƙofa.

"An cire?"

"An tattauna."

"Malam, an cire?"

"Na faɗi a ƙuri'a."

Ya zauna ya ba ni labari. Shugabar kwamiti ta ba shi haƙuri a madadin aji, har da hawaye. Da ya miƙe zai tafi tasha, sai ta ce Ustaz ya manta, ba a taɓa komai na sabil sai an ɗaga hannu. Kafin a ɗaga kuma tana da rahoto. Tun ranar Juma'a randunan ba su bushe ba. Mai karo, wanda yake sayar da ruwa a ganga a bayan jaki, yana tsayawa ya cika su bai karɓi komai ba. An wayi gari da moɗa biyu sababbi, babu sarƙa, babu wanda ya taɓa su. Wata tsohuwa da ba a san daga ina take ba ta zo ta wanke randunan ta turara su. Mai shayi ta kwashe sukarinta tana istigfari.

"Ustaz," ta ce masa, "kai ka koya mana a duba abin da yake amfanar jama'a. Kana raye randuna sun bushe. Ka mutu sun cika."

Na ce, "Wa ya ɗaga maka hannu?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Wata ta ɗaga. Ashe izinin fita take nema."

Bai haƙura nan take ba. Ya ce ai wataƙila dacewa ce aka yi, a gwada a gani, don shi ma ya koya musu kada su yarda da magana sai sun gwada. Aka rufe allon da buhu. Ba a jima ba mai karo ya fara wucewa yana kallon wani gefen, moɗa ɗaya ta ɓace, akuya ta dawo. Aka yaye buhun, aka sake ɗaga hannu. Wannan karon mai neman izinin fita ma ta riƙe hannunta.

Ya je wurin tsohon mai rubutu ko zai goge kalma ɗaya kawai. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi bai taɓa rubuta ƙarya ba tunda ya fara sana'a, sauri dai ya yi, kuma ba ya goge abin da zai dawo ya sake rubutawa. Liman ya ce ƙarya ba ta da kyau, ƙishirwa ma ba ta da kyau, a bar shi ya duba littattafai. Har muka bar unguwar yana dubawa.

Haka Malam ya zama marigayi. A wannan tasha yake jiran mota duk ranar da za shi Khartum. Kamsari, mai karɓar kuɗin mota, zai leƙo ya ce, "Marigayi, akwai wuri a gaba!" Yara suna gaishe shi da haka, ba da raini ba. Baƙi kuwa, waɗanda ba su san shi ba, za su sha ruwa su yi wa mai sunan addu'a, shi kuma yana tsaye a gefe ya ce amin. Wata rana wani mai rawani ya sha, ya goge baki, ya ce masa ya san marigayin nan sosai. Dogo ne, kakkaura, ba ya barin kowa ya biya kuɗin shayi.

"Gajere ne," in ji Malam. "Kuma bai cika kyauta ba."

"Ka ji tsoron Allah. Kana tsaye a kan ruwan mutum kana cin namansa?"

Mutane suka taru suka ba Malam rashin gaskiya. Sai da ya nemi gafarar marigayin kafin a bar shi ya hau mota. Ya dawo gida yana dariya har yana riƙe bango.

Randuna suka zama huɗu. Wani ya dasa dalbejiya a gefe, wani ya kawo benci. Labari ya kai wata makaranta, ɗalibanta suka zo tambayar yadda ake yi, suka koma suna neman malamin da zai yarda. An ce malamin lissafi suka fara tuntuɓa.

Ni ban taɓa son allon nan ba. In zan wuce tashar sai in ja mayafina ta wannan gefen. Na ce masa sau ɗaya ya cire shi ko da ba su yarda ba, ai shi ne babba. Ya ce ranar da ya cire shi da ƙarfinsa, duk abin da ya koya musu ya zama surutu. Ya ce in bari wannan ajin su gama. Suka gama, na bayansu suka gaji sabil ɗin, suka ɗaga hannu su ma.

Da yaƙi ya zo, makaranta ta rufe, famfo ya ɗauke. Unguwa ta fara watsewa. Waɗanda ba su da inda za su je suka rage, yawanci tsofaffi. Tsofaffin ɗalibansa da iyayensu mata suka kafa babbar tukunya a gindin dalbejiyar nan, kusa da randuna, duk wanda ya zo da kwano a zuba masa. Babu wanda ya ce su yi. Malam yana tsara layi, yana raka mai karo neman ruwa. Yayana ya aiko mu taho Jabal Awliya. Malam yana da ciwon suga, kuma kantunan magani sun rufe. 'Yan matan suka yi taro a kansa, suka ɗaga hannu gaba ɗaya cewa Ustaz ya bi iyalinsa.

Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da na san ya ƙi bi. Ya sa mu a mota ni da Inna, ya miƙo mana ƙullin kaya ta taga. Na ce masa ya faɗi a ƙuri'a, doka ta ce ya shigo. Ya ce marigayi ba ya ƙaura. Kamsarin ya yi dariya, Inna ta yi tsaki, motar ta tashi.

Abin da yarinyar ta gaya mini a waya ba shi da yawa. Maganin ya ƙare. Ya zauna a kan benci da hantsi ya ce kansa yana juyawa, suka kai shi inuwa, bai ƙara magana ba. Mazan da suka rage a unguwa suka yi masa wanka da sutura, suka binne shi kafin la'asar. Hanya ba ta biyuwa, babu yadda za a jira mu.

Na wanke hannuna, na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ba ta daina tsince waken ba.

"Wa ya ce?"

"Ɗalibarsa."

"Wace? Doguwar nan mai baki?"

"Ita."

"To. Ki ce masa in zai taho kada ya sake yar da kankana."

Na kira dangi. Wasu suka yi dariya kafin in gama, sai su ji ban yi ba, sai waya ta katse. Wata ta ce, "Kuma dai?" Kawunsa na Jazira ya ce shi ya riga ya yi tasa Fatihar, kuma wancan karon mamacin da kansa ya tarar yana wanke jallabiya, in akwai sabon abu uwarsa ta kira shi da bakinta. Yayana ya yarda, don shi ya riƙe wayar, ya ji muryar yarinyar. Ya je ya aro sandunan rumfa. Inna ta fito ta tsaya a ƙofa ta ce duk wanda ya kafa sanda a kan ɗanta ba ta yafe ba. Ya mayar da su.

Na shiga takaba a ƙuryar ɗaki. In mata suka leƙo suka gan ni da fararen kayan takaba, sai Inna ta ce musu fushi nake yi da mijina don bai kira ba. Wasu su dube ni su gane, su ɗaga tafukansu ƙasa-ƙasa, a saitin cinya, inda ba za ta gani ba. Ni ma in ɗaga nawa haka. Fatihar da Malam ya samu daga wurinmu ke nan, a ɓoye kamar kayan sata.

Yarinyar ta sake kira da aka samu layi. Ta ce sun yi taro sun cire allon. Babu wadda take iya ɗaga kai ta karanta shi, suna zuba abinci suna kallon ƙasa. Ba ta san ko sun yi daidai ba, shi ya sa ta kira. Na tambaye ta ruwa fa. Ta ce mai karo yana cikawa, bai ma lura an cire ba. Na roƙe ta ta yi wa Inna magana da kanta. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Ke ce kika kashe shi wancan karon ko?" Yarinyar ta fashe da kuka. Inna ta ce wancan karon ma an yi kuka, ta miƙo mini wayar.

Wata rana da la'asar muna zaune mu biyu, yayana ya tafi kogi. Inna tana gyara zaren carbinta da ya tsinke. Ba ta dube ni ba ta ce, "Da wane ruwa suka yi masa wanka, tunda famfo ba ya zuwa?"

Na ce da na randunan.

Ta ce, "Da sanyi ke nan. Ba ya son ruwan sanyi tun yana yaro."

Ta zura ƙwaya ɗaya a zare, ta zura ta biyu. Hannunta ya tsaya. Na ga kamar tafukan za su buɗe, har na fara ɗaga nawa. Sai ta ƙulle zaren da haƙori ta ce idan ya zo za ta tambaye shi, ta tashi ta tafi alwala.

Na fita takaba. Daga baya mun sake ƙaura, muna tare ni da ita, ina dafa mata, tana mini faɗa kan gishiri. Ban ga kabarin ba, ita ma ba ta gani ba. Har yau ba mu kafa rumfar makokin Malam ba.